Mark Ya Ci Amanar Gemma Ne? Amsa Kan Ƙarshen Zango Na Biyu Na Severance

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Idi-Araba. Ni da maigidana da ƙaninsa mun gama kallon zango na biyu na Severance, kuma tun ranar babu wanda ya yarda da maganar wani. Ni na ce Mark ya ci amanar matarsa. Maigida ya ce abin da ya yi daidai ne. Ƙaninsa kuma ya ce marubutan yaudararmu kawai suka yi, an sa mutane jiran kusan shekara uku ba a warware komai ba. Tunda rubuta shiri mai dogon zango sana'arka ce, wannan rabuwar kai tana nufin ƙarshen ya lalace ne? Kuma wa ke da gaskiya a cikinmu?

Wa alaikumus salam, Malama. Wanda bai kalli shirin ba kuma yana da niyya, ya dakata daga nan, domin babu yadda zan amsa wannan tambaya ban fasa ƙwan ba.

Rabuwar kan 'yan kallo ba ita ke nuna ƙarshe ya lalace ba. Sai dai a gidanku rigima biyu ake yi. Ke da maigida a cikin labarin kuke jayayya, kun yarda da shi har kowa ya ɗauki ɓangare, kuma irin wannan rigima duk mai rubutu roƙon Allah yake ya same ta. Ƙanin maigida kuwa da marubutan yake faɗa. Tasa ce ake tsoro a sana'armu, kuma zan nuna miki cewa ba da hannu biyu ya zo ba, akwai inda ya kama su.

Saboda masu karatu da suka manta: a shirin, wanda na Amurka ne da kamfanin Apple ke nunawa, kamfanin Lumon yana dasa wa ma'aikaci 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, ta raba tunaninsa gida biyu. Da ya shiga lifta ya sauka wurin aiki, sai wani mutum daban ya farka a jikinsa, wanda bai san gida ba, bai san iyali ba, bai taɓa ganin rana ta faɗi ba. Da an tashi aiki na wajen ya dawo, bai san me aka yi a ciki ba. Mark na waje malamin tarihi ne a jami'a da ya karɓi wannan aiki don gudun baƙin cikin mutuwar matarsa Gemma a haɗarin mota. Ashe ba ta mutu ba, tana tsare a ƙarƙashin ginin ana gwaji a kanta. Mark na ciki kuma ya kamu da son abokiyar aikinsa Helly, wadda a waje ita ce Helena Eagan, 'yar mai kamfanin. A kashi na goma, wanda ya fito ranar 21 ga Maris 2025, Mark ya kuɓutar da Gemma, ya kai ta ƙofar fita, ya tura ta waje. Tana buga ƙofa tana kiransa, ya tsaya ya dube ta, ya waiwaya ya ga Helly, ya juya ya kama hannunta suka ruga cikin ginin. A nan hoto ya tsaya.

Zafin da kika ji ba kuskure ba ne, da gangan aka kunna miki shi. Har zuwa kashi na shida Gemma kusan hoto ce a bango, matar da ake kuka a kanta amma ba mu san ta ba. Sai aka ware mata kashi na bakwai sukutum, wanda Jessica Lee Gagné ta ba da umarni, aka nuna haɗuwarsu da Mark a wurin ba da jini, da aurensu, da ɓarin da ta yi, da wahalar neman haihuwa, da daren da Mark ya wargaza gadon jaririn da ya haɗa da hannunsa. Aka kuma nuna yadda ake kai ta ɗaki bayan ɗaki a Lumon, kowane ɗaki da wata Gemma daban da ba ta san komai ba sai azaba ɗaya: wata kullum tana kujerar likitan haƙori, wata kullum tana cikin jirgin da iska ke jijjigawa, wata kullum tana rubuta katin godiya har hannu ya ƙage. Marubuci ba ya kashe kashi guda cikin goma a kan mutum don nishaɗi. So ake ki ƙaunace ta sosai, domin ranar da za a rufe mata ƙofa abin ya yi miki ciwo. Da ba a yi kashi na bakwai ba, da kowa tafi zai yi wa Mark da Helly, kuma da ƙarshen ya zama na banza.

Ga shi kuma mu mun taso da labarin uwargidan da ta sha wuya da miji, daɗi ya zo ya juya mata baya. Idonmu ya saba, da mun ga mace tana kuka a bakin ƙofa wata tana riƙe da hannun mijinta, mun riga mun yanke hukunci. Balle ita Helly fuskarta ɗaya da Helena, wadda ta yi shigar burtu ta zauna cikinsu a matsayin Helly har abokin aikinsu Irving ya tona mata asiri a kashi na huɗu. Dole zuciya ta ƙi natsuwa da ita.

Duk da haka, maigida ya fi ki kusa da gaskiya, kuma ki yi haƙuri da ni. Tambayar da za ki yi ita ce, wane ne ya tsaya a bakin ƙofar nan? Mijin Gemma bai taɓa tsayawa a wurin ba. Shi a hawa na ƙasa ya farka, ya shiga ɗakin da aka sa ta kwance gadon jariri, ya lallashe ta ta biyo shi, suka rungumi juna. Da lifta ta hau sama ya ɓace, na ciki ya dawo. Wanda ya rage a bakin ƙofa mutum ne da shekarunsa a duniya ba su wuce biyu ba, bai ɗaura aure da kowa ba, bai taɓa kwana a gidan Gemma ba, abin da ya sani game da ita shi ne wata ma'aikaciya ce mai suna Ms. Casey da ke karanta masa halayen na wajensa. In ya taka ƙofar nan, na waje zai farka, kuma babu dalili ko ɗaya da zai sa ya sake komawa Lumon. Ga na ciki, fita daga ƙofar da mutuwa abu ɗaya ne. Amana kuwa, abin da aka damƙa masa shi ne ya fitar da matar, kuma ya fitar da ita, bayan ya sha dukan da ya kusa kashe shi a hannun Drummond, babban jami'in kamfanin. Sai da ya sauke nauyin wani tukuna ya nemi nasa. Ki tuna kuma ita kanta Helly tun farkon kashin ta ce masa ya je ya ceci Gemma, ko shi ya samu ya rayu. Mai ƙwacen miji ba ta faɗin haka.

Wurin da aka yanke hukuncin ma ba ƙofar ba ce, tun farkon kashin aka gama. Ina nufin zaman da Mark biyu suka yi suna aika wa juna saƙo ta kyamara, wannan ya yi magana ya fita baranda, wancan ya farka ya kalla ya mayar da amsa. A matsayina na mai rubutu, wannan ne abin da ya fi burge ni a zangon gaba ɗaya. Na waje ya fara da ban haƙuri, da murya mai taushi. Amma yana ta magana kamar soyayyar na ciki wasan yara ce, tasa ce ta gaskiya tunda ta shekaru ce kuma da aure. Sai kuma ya kuskure sunan Helly, ya ce Heleny. Daga nan fuskar na ciki ta canza. Ya gane mutumin da ya ƙirƙire shi don ya ɗaukar masa baƙin ciki bai taɓa neman sa ba sai yau da buƙata ta taso, kuma ko sunan wadda yake so bai riƙe ba. Aka yi masa alkawarin za a haɗe tunaninsu su zama mutum ɗaya, ya yi tambaya mai hankali: wanda ya yi shekara biyu in aka zuba shi cikin wanda ya yi shekaru masu yawa, me zai rage nasa? Ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba, don babu ita.

Shirin tun zango na farko tambaya ɗaya yake yi, shin na cikin nan mutane ne? A can Helena ta aiko wa Helly saƙon bidiyo ta ce mata ƙarara ita ce mutum, Helly ba mutum ba ce, kuma duk mun ji haushinta. Kashi goma sha tara muka yi muna cewa lallai mutane ne, suna da haƙƙi. Faɗar haka ba ta da tsada muddin kamfani ne abokin gaba. Kashin ƙarshe sai ya kawo ranar da haƙƙin na ciki zai ci karo da na baiwar Allah da ba ta yi wa kowa laifi ba, ya ce to yanzu fa? Da yawa daga cikinmu a take muka koma layin Helena ba mu sani ba, muka ce ya fita mana, ai jikin ba nasa ba ne.

Na lura waɗanda suka fi saurin tsaya wa na ciki a nan Legas su ne masu aikin da ke cinye ranarsu duka: mai gadi da ke kwana a ƙofar wani a Lekki, mai sauke buhu a Mile 12 tun kafin asuba, direban da ke kwana a layin Apapa. Wani da ke ɗaukar kaya ya taƙaita mini shirin da karin magana guda, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya san wannan rayuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa kura ta ƙi komawa hannun gardi. Ban san sana'ar maigidanki ba sai ke, amma ki duba ko daga nan ra'ayinsa ya taso.

Za ki iya cewa, to ina za su? Babu ƙofar da za ta fitar da su a matsayin kansu, kuma an kashe babban jami'in kamfani. Gaskiya ne, a lissafi zaɓin wauta ne, ƙila mintuna kaɗan ya saya. Sai dai mu a ɗakin rubutu ba ma tambayar me ya kamata mutum ya yi, muna tambayar me wannan mutumin zai yi, da halinsa da abin da ya sani a wannan daƙiƙa. Ƙarshe yana lalacewa ne in aka tilasta wa ɗan wasa aikata abin da ba halinsa ba don marubuci ya samu mafita. A nan babu tilas. Har fuskokinsu a hoton ƙarshe sun nuna murna ta fara komawa tsoro. Kuma irin wannan rufewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Cikin tatsuniyoyinmu akwai waɗanda ba a rufe su da hukunci, mai ba da labari sai ya jefo tambaya, cikin samarin nan uku da kowa ya taimaka aka ceci yarinya wa ya cancanci aurenta, a bar yara da manya suna musu har barci ya ɗauke su. Babu wanda ya taɓa cewa tatsuniyar ta lalace don an kwana ba a daidaita ba.

Yanzu ga ƙanin maigida. Labarin kimiyya yana da wata matsala da labarin soyayya ko na gado ba su da ita. Yakan kafa dokokin wata duniya da babu ita, ya ce wa mai kallo ka lura da komai, kowane abu da dalilinsa. Mai kallo sai ya zama ɗan sandan ciki, yana tsayar da hoto yana karanta takardar da ke bango. Wanda ka sa shi wannan aiki ka yi masa alkawari, kuma ranar kashin ƙarshe zai zo da littafinsa. Masu kallon irin waɗannan shirye-shirye an sha saɓa musu. Lost ya yi zango shida a tashar ABC daga 2004 zuwa 2010, kashi 121, ya tara asirai a tsibirin nan har ba su ƙirguwa. Da ƙarshen ya zo a Mayun 2010, sai ya karkata ga haɗuwar mutanen a wani coci bayan mutuwarsu. Masu kallo don mutanen suka yi kuka suka gode, masu kallo don asirin tsibiri suka ce an cuce su. Har yau akwai masu cewa ai tun faɗuwar jirgi duk sun mutu, alhali mahaifin Jack, jarumin shirin, ya faɗa a fili cewa duk abin da ya faru a tsibirin ya faru da gaske. Hotunan tarkacen jirgi da tashar ta liƙa a ƙarshen sunaye su suka ƙara rikita mutane. Battlestar Galactica kuma a 2009 ya kai mutanensa duniyarmu shekara 150,000 da suka wuce, suka tura jiragensu cikin rana suka watsar da fasaharsu, Kara Thrace, ɗaya daga cikin jaruman, ta ɓace ana cikin magana da ita, aka jingina warwarar manyan ƙulle-ƙulle ga wani iko na gaibu. A wannan ni ina tare da masu ƙorafi. Shirin da ya yi shekaru yana lissafin ruwa da mai da yawan mutanen da suka rage bai kamata ya fita ta wannan ƙofa ba.

Akwai kuma abin da ya fi mummunan ƙarshe ciwo, wato rashin ƙarshen. Baran bo Odar da Jantje Friese na Jamus sun yi Dark a zango uku, kashi 26, daga 2017 zuwa 2020, suka ɗaure kusan kowane zare. Mutane suka amince da su suka bi su zuwa 1899 a Nuwamban 2022. Kashi na takwas ya ƙare da jarumar ta farka a jirgin sama jannati a shekarar 2099, a Janairun 2023 Netflix ta soke shirin. Westworld ma tashar HBO ta tsayar da shi a 2022 bayan zango huɗu, masu shi suna da niyyar na biyar. Saboda haka in mai kallo ya ga an rufe zango da ƙofa a buɗe ya ji gabansa ya faɗi, yana da hujja. A kan Severance dai wannan tsoro bai daɗe ba, domin ranar da kashin ya fito Apple ta sanar da zango na uku.

Amma cewa ba a warware komai ba, wannan ya yi yawa. Lambobin da suke tacewa a kwamfuta tun kashin farko, an faɗi ko mene ne: halayen zuciyar Gemma ne, kowane fayil da Mark ya gama sabuwar Gemma ce aka ƙera don wani ɗaki, guda 25, na ƙarshen shi ne Cold Harbor. An nuna abin da ake gwadawa, wato ko shingen zai riƙe in aka sa ta gaban abin da ya fi komai yi mata ciwo. Awakin da ake kiwo a cikin ginin, waɗanda aka yi ta zolayarmu da su, an nuna na yanka ne don tsafin kamfanin. An fitar da Gemma. Babbar tambayar da zango na farko ya rufe da ita, lokacin da Mark ya ɗaga hoton aure yana ihun tana raye, ta samu amsa cikakkiya. Aikin ƙarshen zango ke nan, ya biya babban alkawarin wannan zangon ya buɗe na gaba. Wanda ake bi dukan amsoshi shi ne ƙarshen shiri gaba ɗaya, kuma ba a zo nan ba.

Inda ƙanin maigida ya kama su shi ne batun haɗe tunani. A kashi na uku aka rufe da Mark ya fara wannan aiki a hannun Reghabi, tsohuwar likitar Lumon, da kiɗa da walƙiyar hotuna kamar daga mako mai zuwa komai zai canza. Mun san haɗarinsa tunda shi ya yi ajalin abokinsa Petey a zango na farko. Sai aka yi ta ja, jini daga hanci yau, jiri gobe, faɗuwa jibi, har aka kai kashi na goma Mark biyu suna nan daram kowa da kansa, sai da kyamara suka yi magana. Dalilin a bayyane yake: in haɗewar ta yi aiki, babu zaɓin bakin ƙofa. To tunda sun san inda za su, bai kamata su ɗaga wannan tuta da wuri haka ba. Wannan aibi ne na gini, ba na ɗanɗano ba. Haka kashi na takwas, da aka bi Cobel, tsohuwar shugabar su Mark a wurin aiki, garinsu aka gano ita ta ƙirƙiro fasahar. Labari ne mai kyau da aka ajiye a mugun wuri, domin an yi mako biyu a jere ba a ga ofishin da mutanensa ba, daidai lokacin da ya kamata gudu ya ƙaru. Irving kuma, wanda ya fi kowa jan hankali a rabin farko, aka sa shi a jirgin ƙasa a kashi na tara ba a faɗi da wa yake waya ba, ba a faɗi yadda na wajensa ya san baƙin lungun da yake ta zanawa ba. Ɗan wannan ana iya haƙuri da shi. Na haɗe tunanin ne ban yafe ba.

Jiran ma ya taka rawa fiye da yadda ake zato. A Yunin 1990 Star Trek: The Next Generation ya rufe zango na uku da maƙiya sun kama Kyaftin Picard sun mayar da shi nasu, mataimakinsa Riker ya ba da umarnin a harba, hoto ya ɗauke. Marubucin, Michael Piller, ya faɗa daga baya cewa lokacin da ya rubuta bai san yadda zai warware ba. Duk da haka ana lissafa shi cikin mafi kyawun rufe zango, domin a Satumba aka dawo, jiran wata uku, kuma a lokacin zango kashi 26 ne. Severance ya rufe zango na farko a Afrilun 2022, bai dawo ba sai 17 ga Janairu 2025, wata talatin da uku, saboda dalilai da suka haɗa da yajin aikin marubutan Amurka na kwana 148 a 2023 da na 'yan wasa na kwana 118. Mutumin da ya yi wannan jira don kashi goma, kowane kashi da bai ciyar da labari gaba ba asara yake ganinsa. Kuma cikin dogon jira mutane kan gina hasashe, su yi ta kare shi har ya zama kamar dukiyarsu. Kashin ƙarshe hanya ɗaya zai bi, ya rushe sauran. Rabin fushin da ake gani bayan kowane ƙarshe na masu hasashen da ya rushe ne. Shi ya sa da aka gama wasu suka dage cewa ba Helly ba ce a lungun, Helena ce ta sake shigar burtu, har sai da Britt Lower mai fitowa a matsayin ta ce Helly ce. Wannan hasashe neman sauƙi ne, don in Helena ce, an yaudari Mark ke nan, babu wanda zai ɗauki nauyin zaɓin.

Yadda muke kallo a nan ma yana canza abin da muke gani. Kashi na bakwai ya fito 28 ga Fabrairu, washegari aka tashi da azumi, na ƙarshen kuma ya faɗo daidai shigar goman ƙarshe. Da yawa daga cikinmu ajiye kallo muka yi sai bayan Sallah, muka haɗa huɗun ƙarshe a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya yi haka ya isa bakin ƙofar nan da hawayen Gemma bai bushe masa ba, wanda kuwa ya bi mako-mako ya samu sati uku zuciyarsa ta huce. Ga tsadar data, tunda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, mutane da yawa sai wurin masu tura fim a waya, wani lokaci rubutun fassarar ƙasa bai dace da magana ba ko babu shi sam. Mai kallo a waya cikin danfo a cunkoson gadar Third Mainland, ko a ɗaki janareton maƙwabci na ruri, da wuya ya ji bambancin Helly da Heleny, alhali a kan wannan harafi zuciyar na ciki ta juya. Wani kuma tun kafin ya kalla ya ga guntun bidiyon Gemma tana buga ƙofa a TikTok, an ɗora masa waƙar ban tausayi, ya shiga kallo da hukuncinsa a aljihu. In za ku sake kallon wani abu a gidan, ku sake kallon zaman kyamarar nan cikin natsuwa, ku ukun.

Kada kuma hayaniyar intanet ta zama ma'auni. Wanda ya ji haushi sosai da wanda ya ji daɗi sosai su ke rubutu, mai cewa ba laifi yakan kashe waya ya kwanta. A wurin 'yan sana'ar dai zangon ya karɓu: sau 27 aka ambace shi a takarar kyautar Emmy ta 2025, Britt Lower ta ci ta babbar jaruma, Tramell Tillman mai fitowa a Milchick, mai kula da su Mark a ofis, wanda ya yi rawar nan gaban 'yan badujala, ya ci ta mataimakin jarumi. Kyauta ba ta hana aibi zama aibi, amma tana nuna ba a ɗauki ƙarshen a matsayin faɗuwa ba.

Abin da zai sa in sauya ra'ayi yana zango na uku. In aka dawo aka haɗe Mark biyu cikin sauƙi kowa ya samu abin da yake so, ko aka juya aka ce ashe Helena ce, to zaɓin bakin ƙofa ya tashi a banza, kuma ranar zan ce ƙanin maigida ya fi mu duka hangen nesa. Amma abin da aka bari a ƙasa yana da ƙarfi. Gemma tana waje, ita ce shaida mai rai kan abin da Lumon ke yi, matar da duniya ta ɗauka ta mutu. Ga alama ba ta ma san an raba ƙwaƙwalwar mijinta ba, abin da idonta ya gani kawai shi ne ya bi wata. Yanzu mijin ne a tsare a cikin ginin, kuma mai tsare da shi ba kamfani ba ne, wani ne a cikin jikinsa da ke da nasa haƙƙin. Jame Eagan kuma ya riga ya faɗa wa Helly cewa a jikinta yake ganin ruhin Kier, kakansu da ya kafa kamfanin, ba a jikin 'yarsa ba, wanda ke nufin mai kamfanin da kansa yana da dalilin barin Helly a farke. Ita kuma Gemma, da aka ƙera mutum 25 a cikin kanta ba da yardarta ba, ta fi kowa sanin abin da ake nufi da a kashe na ciki, kuma ita ce za ta nemi a yi wa Mark na ciki hakan in tana son mijinta ya dawo.